Yaran Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu: Tsakanin aikin gona, wankan tur'a da filin ƙwallo

Duk ɗan kasuwar da harkar riɗi ko ƙaro ko albasa ta taɓa kai shi Wad Madani ko Sinnar ko Damazin, ko kuma ya bi ta Gadarif zuwa Gallabat a kan iyakar Sudan da Habasha, ya san cewa a wuraren nan Bahaushe ba ya neman tafinta. Zai ji Hausa a bakin mai agashe, wato tsiren da ya zama abin marmarin 'yan Sudan baki ɗaya, zai ji ta a bakin masunci da mai lambu da ɗan dako. Abin da baƙo ba ya cika tsayawa ya duba ba shi ne 'ya'yan waɗannan bayin Allah: yadda suke wuni, irin motsin da jikinsu ke yi daga safe zuwa dare, da abin da wannan motsi ke ƙara musu ko yake rage musu ta fuskar lafiya.

Idan ka ce wa magidanci a ƙauye ya bar ɗansa ya riƙa motsa jiki, dariya zai yi maka. Zai tambaye ka, yaron da ya ɗebo ruwa da asuba, ya kai awaki kiwo, ya yi cirar ciyawa a gona har azahar, wane motsa jiki kuma ya rage masa? Tambayar tana da ƙarfi, amma masana lafiyar yara sun daɗe da bambanta wahalar aiki da wasan da ke gina jiki. A ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, wannan bambanci ya fito fili, domin yaro a can yana da aiki har ya yi masa yawa, wasan da ya fi so kuma yana ɗauke da cuta, sannan yaƙi ya zo ya raba shi da makaranta da fili.

Yadda aka yi suka zauna a can

Hanyar hajji ce ta fara kai mutanen ƙasar Hausa Sudan. Tun kafin zuwan Turawa maniyyata ke tafiya a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango su yi noma ko sana'a su tara guzuri, wasu su wuce Makka, wasu kuma zama ya kama su. Babban ayari ya biyo baya a lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a, Fulani da Hausawa, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar wajen 1906. Garin da suka kafa har gobe da sunansa ake kiransa, Mai Wurno.

Sai kuma aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe shirin noman rani na Jazira a filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Bayan an ƙara masa yankin Manakil, shirin ya haura fadan miliyan 2, kuma fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka guda. Audugar da masaƙun Ingila ke jira tana buƙatar hannu, don haka aka yi marhabin da 'yan ƙwadago daga yamma. Da yawa daga cikinsu ba su samu gonar kansu ba, wadda a can ake kira hawasha, sai suka zauna a 'yan unguwannin ma'aikata da ke gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira kambo, jam'insu kanabi. Wasu kuma suka bi kogi kudu zuwa Sinja da Rusairis da Damazin, suna su da noman bakin kogi. Wannan tarihi shi ya sa yaron Bahaushe a Sudan yake tashi kusa da ruwa da gona fiye da kusa da asibiti ko famfo.

Awa guda a kowace rana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na motsa jiki a 2010, ta sabunta su a 2020. Abin da ta ce game da yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 ba shi da wuyar riƙewa: a samu aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru. A cikin mako kuma, aƙalla kwana 3 a yi mai ƙarfi irin su gudu da tsalle da kokawa, waɗanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Sannan a rage dogon zama, musamman zaman kallon waya da talabijin. Ga 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa, ƙa'idar 2019 ta ce daga shekara 1 zuwa 4 su samu awa 3 a rana suna wasa da zirga-zirga.

Dalilin wannan awa guda shi ne jikin yaro gini ne da ake kan yi. Mafi yawan ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi yana tara shi ne kafin ya kai shekara 20, kuma ƙashi yana ƙara ƙwari ne idan ana tsalle da gudu a kansa. Zuciya da huhu su ma da aiki suke buɗewa. Yaron da ke wasa sosai ya fi samun barci mai nauyi, ya fi cin abinci da marmari, ya fi natsuwa a gaban allo ko littafi, damuwa kuma ba ta cika zama masa a rai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya saba da motsi tun yana ƙarami ya fi samun kariya daga hawan jini da ciwon sukari idan girma ya zo.

A 2019 masana na wannan hukuma suka wallafa sakamakon wani babban nazari da ya haɗa 'yan makaranta miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146. Sun gano cewa kashi 81 cikin 100 ba sa cika wannan awa guda: kashi 85 na 'yan mata, kashi 78 na samari. Sudan ta fito cikin ƙasashen da abin ya fi muni, da kimanin kashi 90. Sai dai a lura, 'yan makaranta aka tambaya. Yaron kambo da ke wuni a gona, ko yarinyar da ke yawon talla, nasu lissafin daban ne.

Aiki daban, wasa daban

Babu mai cewa yaro kada ya taimaki iyayensa. Aike da shara da kiwon 'yan awaki da taya uba aiki a lambu tarbiyya ce, kuma motsi ne. Matsalar tana farawa ne idan aikin ya fi ƙarfin jikin. Yaro ɗan shekara 10 da zai wuni a duƙe yana cirar auduga ko tonon gyaɗa, ko ya ɗauki jarkar ruwa mai lita 20 a ka, wadda nauyinta kilo 20 ne, sau uku ko huɗu a rana, gaɓoɓi kaɗan ne ke shan wahala, su ne kuma kullum: wuya da gadon baya da gwiwa. A wasa kuwa yaro yana gudu ya tsaya, ya yi tsalle ya huta, duk jiki na samun rabonsa, idan ya gaji kuma ya zauna ba mai tsawata masa. Aiki ba ya ba shi wannan zaɓi.

Hukumar Ƙwadago ta Duniya da asusun UNICEF sun ƙiyasta a rahotonsu na 2025 cewa yara kusan miliyan 138 ne a duniya ke aikin da bai dace da shekarunsu ba, kuma kashi 61 cikin 100 a harkar noma suke. Wato abin da ake gani a gonakin Jazira ɗan'uwan abin da ake gani ne a gonakin shinkafa na Kura da na albasa a Galmi.

Akwai kuma batun ciki. Mota ba ta tafiya ba mai. Yaron da ya fita gona da shayi kawai, ya dawo ya tarar da tuwon dawa ba wake ba kifi, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma shi yake ƙonewa a wajen aiki. Irin wannan yaro ba ƙarin motsi yake buƙata da farko ba, abinci da hutu yake buƙata, sannan wasa ya biyo baya. Ga kuma rana. A watannin Afrilu da Mayu zafi a tsakiyar Sudan yana haura digiri 40, kuma yaro ba ya cika tuna shan ruwa ba sai ya galabaita. Jiri da ciwon kai da amai a tsakiyar rana alamu ne na a kai shi inuwa a ba shi ruwa nan take. Idan ya fara sambatu ko ya suma, a jiƙa masa jiki a garzaya da shi wurin ma'aikacin lafiya.

Tur'a: wurin wasa, gidan tsargiya

A irin wannan zafi babu abin da ya fi jan hankalin yaro kamar ruwa. Magudanar ban-ruwa, wadda manoman Kadawa ke kira kanal, a Sudan tur'a ake ce mata, kuma ita ce wurin ninƙaya da wanka da wanki da kamun kifin yaran kanabi. Ninƙaya a kanta tana cikin mafi kyawun motsa jiki, domin tana aiki da hannu da ƙafa da ƙirji gaba ɗaya ba tare da ta wahalar da gaɓoɓi ba. Abin takaicin shi ne ruwan da ake yin ta a ciki.

An tsara ban-ruwan Jazira ne ta yadda ruwa ke fitowa daga babbar magudana zuwa ƙanana, daga nan zuwa 'yan hanyoyin cikin gona da manoma ke kira Abu Ishirin da Abu Sitta. Ƙananan magudanan suna riƙe ruwa da dare domin a sake shi da safe. Ruwan da ke tafiya a hankali, ga laka, ga ciyayi, shi ne gidan da wasu ƙananan dodon-koɗi suka fi so, kuma a jikinsu ne ƙwayar cutar tsargiya ke renon kanta.

Ga yadda abin yake zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon-koɗi. Bayan 'yan makonni dodon-koɗin ya riƙa sako dubban 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi da ido ba ya gani. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga. Sun fi fitowa kuma daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Idan sun shiga sai su girma a jijiyoyin jini, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Iri biyu ne a Sudan: mai kama mafitsara, wadda ke sa fitsarin jini, da mai kama hanji da hanta, wadda ta fi yawa a Jazira. Wannan ta biyun ta fi ɓoye kanta. Tana zuwa da ciwon ciki da gudawa, wani lokaci da jini, idan ta daɗe kuma hanta ta taurare, saifa ta kumbura, har mutum ya kai ga aman jini. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, shi ya sa a asibitocin Sudan za ka ji ana ce mata bilharziya.

A ƙasar Hausa har yanzu akwai inda ake ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji a matsayin alamar balaga. Ba balaga ba ce, rauni ne a mafitsara. Cutar tana jawo ƙarancin jini, ta hana girma, ta sa kasala da rashin fahimtar karatu. Wani bincike da aka wallafa a 1980 a kan mutanen Jazira ya nuna cewa masu aikin yashe magudanan ruwa, waɗanda cutar ta yi wa katutu, ƙarfin jurewarsu ga aiki ya ragu idan aka gwada su da sauran jama'a. Idan ta yi wa ƙato haka, ina ga ɗan shekara 9? Wato wasan da ya kamata ya ƙara wa yaro ƙarfi shi ne ke zuƙe masa shi a ɓoye.

An taɓa cin ƙarfin wannan cuta. A 1979 gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙaddamar da Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu na shekara 10, domin yaƙi da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da gudawa a yankunan noman rani. Aka haɗa rabon magani da kashe dodon-koɗi da samar da ruwan sha da masai, kuma yawan masu cutar ya sauko ƙwarai. Da shirin ya ƙare kuɗi suka janye, sai cutar ta sake ɗagowa. Darasin a bayyane yake: magani yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sabuwa shiga gobe idan yaro ya koma tur'a.

Maganin, wanda ake kira firazikwantel, ƙwaya ce da ake auna ta da nauyin yaro ko tsawonsa, a sha bayan an ci abinci. A ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2022, duk garin da mutum 10 cikin 100 ko fiye ke da cutar, a riƙa raba maganin kowace shekara ga kowa daga ɗan shekara 2 zuwa sama. Ta kuma ƙiyasta cewa a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke buƙatarsa a duniya, mafi yawansu a Afirka. Ruwan tur'a da aka ɗebo aka ajiye a randa ko duro na kwana 2 ana iya wanka da shi, domin tsutsotsin ba sa wuce haka da rai idan ba su samu jikin mutum ba. Na sha kuwa sai an tafasa ko an sa masa magani.

Mai karatu da ke Jibiya ko Illela ko Birnin Ƙonni ko Maigatari kada ya ɗauka labarin nesa ne. Duk inda aka tare ruwa domin noman rani, daga Tiga zuwa Bakolori da Goronyo, wannan dodon-koɗi yana iya samun gida. Haka nan haɗarin nutsewa: rahoton hukumar na 2024 ya ce mutum kimanin 300,000 ne suka mutu a ruwa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Rabon 'ya mace

A ko'ina cikin duniya 'yan mata ne a baya wajen motsa jiki, kuma a al'ummarmu dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yarinya tana 'yar gala-gala da tsallen igiya da gaɗa har ta kai shekara 11 ko 12, daga nan sai a ce ta girma, ta zauna. Abin da ke rage mata shi ne daka da wanki da ɗebo ruwa da talla. Wanki da wanke-wanke a bakin tur'a kuma suna sa ta cikin haɗarin tsargiya daidai da ɗan'uwanta mai ninƙaya, kuma a jikin mace cutar tana iya taɓa mahaifa da al'aura ta kawo matsala bayan aure.

Shekarun da ake zaunar da yarinya su ne shekarun da ƙashinta ke kan ginuwa, wanda da shi za ta ɗauki ciki ta yi goyo. Kunya da sutura ba su hana wasa ba. Tsakar gida ta isa tsallen igiya, harabar makarantar 'yan mata ta isa gudu da ƙwallon hannu, kuma malamai da kansu sukan kawo labarin tseren gudu da Manzon Allah (SAW) ya yi da Nana A'isha. Abin da ake nema shi ne uwa da uba su ɗauki wannan awa guda a matsayin haƙƙin 'yarsu, ba sangarta ba.

Yaƙi ya cinye fili

Sudan ƙasar ƙwallo ce tun da daɗewa. A Khartum aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka a 1957, a can aka buga gasar cin kofin Afirka ta farko a wannan shekara, kuma Sudan ta ɗauki kofin a gida a 1970 bayan ta ci Ghana 1 da nema. Lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta samu Isma'il Ahmad Isma'il ne ya ciyo ta, azurfa a gudun mita 800 a Beijin a 2008. Amma tushen duk wannan shi ne ƙwallon unguwa da 'yan Sudan ke kira dafuri, wadda ake bugawa bayan la'asar ba takalmi, wani lokaci da ƙwallon da aka ƙulla da tsohuwar safa. Da farin wata kuma akwai wasan shilel, inda ake jefa farin ƙashi cikin duhu yara su bazama nema, wanda ya samu ya sheƙa da gudu saura su bi shi. Duk wanda ya yi langa ko ɓuya a dandali zai gane irin gumin da ake yi a nan.

Wannan rayuwa ce tashin hankali ya katse. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan batun ƙasa da sarauta, ya sake tashi a watan Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu, dubun-dubata suka bar gidajensu, da yawa suka fake a makarantu. Kafin a farfaɗo sai babban yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Dakarun suka kama Wad Madani a watan Disamba na 2023 da Sinja a watan Yuni na 2024. Sojoji suka karɓe Sinja a watan Nuwamba na 2024, Wad Madani kuma a watan Janairu na 2025. A tsakanin nan ƙauyukan Jazira sun ga kisa da kwasar ganima, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama sun ba da rahoton hare-hare a kan mazauna kanabi a farkon 2025. A watan Oktoba na 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Hatta manyan ƙungiyoyin Hilal da Marikh na Umdurman sai a gasar ƙasar Muritaniya suka buga kakar 2024 zuwa 2025.

Idan makaranta ta rufe, ba karatu kaɗai ke tsayawa ba. Tafiyar ƙafa ta safe da ta rana ta tsaya, wasan tara ya tsaya, rabon maganin tsargiya da na tsutsar ciki, wanda galibi ta makarantu ake yi, shi ma ya tsaya. Yaro ya koma ɗaya daga cikin biyu: ko zaman ɗaki cikin tsoro, ko aikin ƙarfi domin gida ya samu na cefane. Ko a inda ƙura ta lafa akwai sauran haɗari, domin filayen da aka yi artabu a cikinsu suna ɗauke da harsasai da bama-baman da ba su tashi ba, yaro kuma duk ƙarfen da ya gani abin wasa ne ko na sayarwa ga 'yan gwangwan. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin agaji ke buɗe wuraren wasa masu tsaro a sansanonin gudun hijira. Sun lura cewa yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba, sau da yawa a filin wasa yake fara dawowa hayyacinsa, ya koma barci, ya koma magana.

Yaron shago da wayar hannu

Akwai wani rukunin yara da matsalarsu ta saɓa da ta yaran gona, kuma su ne suka fi kusa da mai karatu. Su ne yaran shago da 'ya'yan masu hali. Yaro ɗan shekara 14 da ke buɗe rumfa da ƙarfe 8 na safe ya rufe bayan magariba, yana zaune a kan buhu, shayi mai sukari cokali uku yana bin lemon kwalba, ga waya a hannu, wannan ko a Damazin yake ko a kasuwar Dawanau bai yi minti 15 na gumi ba a ranar. Uban da ke tafiye-tafiye yakan so ya rama rashinsa a gida da tsaraba, kuma tsarabar zamani ita ce waya. Wayar ba laifi ba ce, amma duk awar da ta ci daga lokacin wasa ta ci.

Sakamakon ba ya bayyana sai an kai shekara 35 ko 40. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manya a Sudan suna da ciwon, abin da ya sa ƙasar cikin na gaba-gaba a nahiyar Afirka. Duk ɗan kasuwar da ke sayen maganin sukari ko na hawan jini kowane wata ya san kuɗin da yake ci, ya kuma san ranakun kasuwar da yake hana shi.

Abin da ke hannun 'yan kasuwa

Gyaran magudanan Jazira da kawo ƙarshen yaƙi ba a hannun mai rumfa suke ba. Amma akwai abubuwan da ke hannunsa, ko 'ya'yansa na Mai Wurno ko na Maraɗi.

Na farko, ya sallami yaron shagonsa bayan la'asar ko da sau uku ne a mako ya je ya buga ƙwallo. Awa guda ba ta karya ciniki. Na biyu, idan zai yi wa gida aike, ƙwallo da igiyar tsalle ba su kai kuɗin katin waya na wata ba. Na uku, ya tambayi yaransa kai tsaye ko suna ganin jini a fitsari ko a bayan gida, domin yaro ba ya faɗa da kansa. Idan akwai, a je a yi gwaji a karɓi magani a hannun ma'aikacin lafiya, ba a teburin mai tallar ƙwayoyi ba. Idan kuma masu rabon magani sun zo makaranta ko unguwa, a bar yara su sha bayan sun ci abinci. Na huɗu, kayan da babba zai ɗauka kada a ɗora wa ƙaramin yaro don kuɗin dakonsa ya fi araha.

Na biyar ya shafi ƙungiyoyin kasuwa, waɗanda suka saba haɗa kuɗi domin masallaci da jana'iza da taimakon wanda gobara ta shafa. Rijiyar burtsatse guda da wurin wanka da masai a kusa da unguwa suna rage zuwan yara tur'a fiye da duka da tsawa. Fili guda da aka share, aka tabbatar hukuma ta duba shi idan wurin ya ga yaƙi, aka kafa masa turaku, yana ɗaukar yaran unguwa gaba ɗaya. A Nijar kokawar takobi da aka fara a Tawa a 1975 ta nuna yadda wasan dandali ke zama abin alfaharin ƙasa idan manya suka ba shi daraja, kuma 'yan kasuwa suna cikin masu zuba kyaututtuka a irin waɗannan filaye.

Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Sudan da Nijeriya da Nijar duk suka amince da ita, ta lissafa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro, kuma daga 2024 majalisar ta ware ranar 11 ga Yuni ta kowace shekara a matsayin ranar wasa ta duniya. Kakannin da suka taka daga Sakkwato da Kano da Katsina har gaɓar Nilu da ƙafa suka je, ƙarfin jikin da suka tara tun suna yara shi ya kai su. Jikokinsu na buƙatar irinsa domin sake gina garuruwan da yaƙi ya rusa. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.